Ko waya kaɗai ta ishi mai bincike karatun maƙalu?

Aminu: Assalamu alaikum. Ga ra'ayina, kuma na san wasu za su ja. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke da waya mai kyau da manhajar tsara maƙalu ba ya buƙatar kwamfuta, balle buga takarda, kafin ya yi bitar ayyukan da suka gabata. A Zotero, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, kawai za ka saka, ta kawo maka sunan marubuci da shekara da mujalla. Ka ware maƙalun babi-babi, ka ja layi a inda ya burge ka, ka rubuta sharhinka a gefe. Duk inda ka samu minti goma na jira, karatu ya samu.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Aminu, tsarawa na yarda, karatu kuwa ban yarda ba. Tun da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, manufarsa ita ce shafi ya tsaya yadda aka buga shi, ba ya lanƙwasuwa ya bi girman allo. Mujallu da yawa kuma gida biyu suke raba shafinsu. A waya sai ka ƙara girman rubutu, ka gangara, ka hau, ka matsa dama. Marubuci ya ce duba jadawali na 3, jadawalin yana can shafi biyu gaba, kafin ka je ka dawo zaren hujjar ya tsinke maka. Sashen hanyoyin gudanar da bincike, inda gaskiyar maƙala ko rauninta ke ɓoye, ba a karanta shi da leƙe. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 54 da suka shafi mutum sama da 170,000, suka gano cewa an fi fahimtar rubutun ilimi a takarda fiye da allo, musamman idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. A ƙagaggun labarai ne ba a ga wannan bambanci ba, mu kuwa ba labari muke karantawa ba.

Aminu: Ranki ya daɗe, binciken nan allo gaba ɗaya ya auna, har da na kwamfuta. In hujja ce a kan wayata, hujja ce a kan kwamfutarki ma. Kuma tazarar da suka samu ba babba ba ce. Batun shafi mai gida biyu ma an fara magance shi. Acrobat Reader na waya yana da Liquid Mode tun 2020, mai warware shafin ya bi faɗin allo. Rumbun maƙalu na arXiv ya fara fitar da sababbin maƙalu a sigar HTML, wato ta shafin intanet, tun Disambar 2023, PubMed Central kuma, rumbun maƙalun fannin lafiya, ta daɗe tana nuna cikakken rubutu a shafin intanet.

Dakta Hauwa: Zallan rubutu yana warwaruwa. Jadawali mai gida goma sha biyu fa? Lissafi mai layi uku fa?

Zainab: Ni ina bayan Yaya Aminu rabi da rabi. Wanda ke aiki da rana, ko mai yara a gabanta, ba kullum take samun awa biyu ta zauna gaban tebur ba. In aka ce karatu sai a kwamfuta ko takarda, to wasunmu sai mako ya wuce ba mu buɗe maƙala ko ɗaya ba. Amma Yaya Aminu, ba ka faɗa wa mutane cewa ma'ajiyar kyauta ta Zotero megabayit 300 ce ba. Bayanan maƙalu, wato suna da shekara da sharhinka, ba su da iyaka, amma fayilolin PDF su ne ke cinye wurin, musamman tsofaffin da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi. Daga nan sai biya, ko ka haɗa ta da wata ma'ajiyar intanet ta daban ta hanyar da ake kira WebDAV, wanda ba kowa ya iya ba. Sannan saka madogara a cikin rubutu da fitar da manazarta a ƙarshen kundi, ta Word ko LibreOffice ake yi, a kwamfuta.

Aminu: Karatu da tsarawa na ce, Zainab, ban ce rubuta kundi ba.

Zainab: Ai bita ba ta rabuwa da rubutu. Kana karanta wannan kana kwatanta shi da wancan, kana rubutawa. Waya maƙala ɗaya take nuna maka a lokaci guda.

Malam Bashir: Ku yi mini haƙuri in shigo ta wata ƙofa, domin mu ma'aikatan laburare abin da ke damunmu daban ne. Kuna ta gardama a kan girman allo, ba wanda ya tambayi wa ke riƙe da aikin da kuka zuba a manhajar. Mendeley, wata manhajar tsara maƙalu, ta samu karɓuwa ƙwarai, kamfanin buga mujallu na Elsevier ya saye ta a 2013, sai ga shi a watan Maris na 2021 an janye manhajojinta na waya, na Android da na iOS duka. Waɗanda suka gina karatunsu a kan wayar sai suka koma buɗe ta a shafin intanet. Kafin nan ma, a 2018, an kulle rumbun bayanan da take ajiyewa a kwamfuta ta yadda kwashe kaya zuwa wata manhajar ya yi wuya. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai shi ya ce sauka, sai ya sauka.

Saboda haka kafin ka zuba shekara uku na aikinka a kowace manhaja, gwada fita tun ranar farko. Fitar da jerinka a sigar RIS ko BibTeX, wato fayilolin da sauran manhajoji ke iya karantawa, ka buɗe shi a wani wuri ka gani. Galibi za ka tarar sunaye da shekaru sun biyo ka, amma layukan da ka ja da sharhin gefen shafi sun tsaya a can. Su kuwa su ne wahalarka, domin maƙala ana sake sauke ta, tunanin da ka yi a kanta ba a sake saukewa. Ko Zotero, da na fi natsuwa da ita don buɗaɗɗiyar manhaja ce da ta taso daga Jami'ar George Mason a 2006 kuma ƙungiya marar neman riba ke kula da ita, a rumbunta take ajiye sharhi, ba a jikin fayil ɗin ba. Sai ka fitar da PDF ɗin tare da sharhin da gangan. A riƙa yin haka lokaci-lokaci.

Aminu: Malam, wannan gargaɗi ne ga kowa, mai waya da mai kwamfuta.

Malam Bashir: Haka ne, sai dai mafi yawan hanyoyin fitar da kayan suna ɓangaren kwamfuta ko shafin intanet. Mai waya kaɗai shi ya fi ɗaurewa.

Dakta Hauwa: Abin da ya fi ci mini rai ma ban faɗa ba tukuna. Sauƙin ajiyewa yana sa ɗalibi ya ji kamar ya karanta. Zai nuna mini manhaja cike da maƙalu, kowace da alamarta da launinta, in tambaye shi mutum nawa aka yi binciken a kansu, ko ta yaya aka zaɓo su, sai ya yi shiru. Tsakure, wato taƙaitawar da ke farkon maƙala, kawai ya karanta ya kafa hujja da shi, alhali tsakure wuri ne da marubuci ke nuna abin da ya fi so a gani. S. Keshav, lokacin yana Jami'ar Waterloo, ya ba da shawara a 2007 cewa a bi maƙala sau uku. Bi na farko minti biyar zuwa goma ne: take, tsakure, gabatarwa, kanun sassa da kammalawa, don ka san ko ta shafe ka. Na biyu kusan awa guda, ana duba zane-zane da jadawalai da kyau. Na uku, ga sabon shiga, yana iya cin awa huɗu zuwa biyar, domin kamar sake gina aikin kake yi a ranka. Na farkon, Aminu, yi shi a waya, har ina ƙarfafa ka. Na biyu da na uku ban taɓa ganin ɗalibin da ya yi su a waya ya gamsar da ni ba.

Aminu: Ranki ya daɗe, ɗalibin da ke tsayawa a tsakure, ko an buga masa takarda a nan zai tsaya. Laifin ɗabi'a ne, kike ɗora wa na'ura.

Dakta Hauwa: Na'urar da saƙo ke faɗowa a kanta kowane minti tana da hannu a ɗabi'ar.

Zainab: Wannan kam ana iya kashe data bayan an sauke maƙalar.

Dakta Hauwa: To mu gwada. Aminu, zan turo maka maƙala ɗaya a fanninka, mai jadawalai da ƙididdiga. Ka karanta ta a waya kaɗai. Ranar da muka haɗu ka bayyana mana yadda aka zaɓi samfuri, da abin da jadawalai suka nuna wanda tsakuren bai ambata ba, da inda kake ganin hujjar ta yi rauni.

Aminu: Na amince, da sharaɗi ɗaya: a ba wani ɗalibin ita a takarda, a yi mana tambayoyi iri ɗaya, kuma Malam Bashir ne zai yi alƙalanci.

Malam Bashir: Na karɓa. Dakta, ki turo mini tambayoyin kafin su ga maƙalar.