Inda ake sa kalmar "guest" a Turanci

A wata tattaunawa da aka yi kan wane irin baƙo ne ake kira "guest" a Turanci, shawarar da ta fi fitowa ita ce kada mai koyo ya ɗauka duk baƙo "guest" ne. Sai wanda aka gayyata, ko gida ko biki. Wanda ba a sani ba "stranger" ne, mai leƙowa ziyara kuwa "visitor". Nan ne Bahaushe ke yawan tuntuɓe, tunda mu kalma ɗaya ta ishe mu.

An kuma ja hankali cewa wanda ya kama ɗaki a otal "guest" ne, haka wanda aka kira hira a rediyo. Babban baƙo a taro shi ne "guest of honour". In Bature ya ce maka "be my guest", izini ya ba ka, kamar a ce bismillah. Harafin "u" ba a furta shi.