Wace kalma za mu ba «compétence universelle»?

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman masu fassara labarai a gidajen rediyon Damagaram. Sau da yawa nakan ji an fassara wannan kalma ta Faransanci da «ikon kotun duniya», kuma hakan na ɓatar da mai sauraro. Kotun duniya daban take, tana can birnin Hague. Abin da ake nufi a nan shi ne kotun wata ƙasa ta yi shari'ar kisan ƙare-dangi, ko laifin yaƙi, ko azabtarwa, ko da ba a ƙasarta aka aikata ba, kuma mai laifin da waɗanda aka zalunta duk baƙi ne gare ta.

Ga misali a maƙwabtanmu. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, ya gudu Senegal. Matan da aka kashe wa maza da waɗanda suka fito kurkukunsa da rai sun yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, har wata kotu ta musamman a Dakar, wadda Senegal ta kafa da Tarayyar Afirka, ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Haka Suwizalan ta ɗaure Ousman Sonko, tsohon ministan cikin gidan Gambiya, shekara 20 a 2024.

Rabin kalmar muna da shi: hurumi. Mun saba jin «kotu ba ta da hurumin sauraren ƙarar». Sauran rabin ne aiki.

Wani malami ya ba ni «hurumi marar iyaka». Allah ya saka, Malam, amma ban gamsu ba, don zai sa a zaci kotun Dakar na iya hukunta ɓarawon akuya na kasuwar Dole ta Damagaram. Iyaka akwai: manyan laifuka kaɗai. «Hurumin ƙetare iyaka» kuwa ya fi muni, domin a bakinmu wanda ya ƙetare iyaka shi ne ya yi laifi.

Ni na tsaya kan «hurumin ko'ina». Gajere ne, tsohuwa a Birni za ta gane shi ba sai an yi mata dogon bayani ba: wanda ya yi irin wannan ta'asa, ko'ina aka kama shi ana iya gurfanar da shi. Ku gwada a jimla: «Kotun Jamus ta ɗaure Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya, a 2022 bisa hurumin ko'ina.»

Malamanmu na jami'a da lauyoyi, in akwai gyara ku faɗa kafin mu fara sa ta a labaran yamma.