Ana yankar mini kuɗin ƙungiya a albashi, ina da ikon in ce a daina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin firamare ne, shekarata tara ina koyarwa. Watan jiya na nemi takardar albashina, karo na farko da na zauna na karanta ta layi-layi a ƙarƙashin darbejiyar makarantarmu. Na ga kuɗin ƙungiya, na ga na asusun gidaje, na ga wani wai na jin daɗin malamai da ban taɓa sa hannu a kansa ba. Wallahi abin da ake cirewa ya isa ya saya mana kwanon masara da yawa, ga maiɗakina ta kusa haihuwa. Da na yi magana sai wani abokin aiki ya ce in rufa wa kaina asiri, kada a cilla ni ƙauyen da ko babur ba ya shiga da damina. Don Allah ina da haƙƙin in ce a daina? Kuma za a iya hukunta ni?

Wani lauya a cikin rukunin: Wa'alaikumus salam Malam. Kana da haƙƙi. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ka 'yancin shiga ƙungiya, sannan gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya faɗa ƙarara cewa zama ɗan ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi. Sai dai magana da baki ba ta tsayar da yanka. Sai ka rubuta takarda cewa ka fita, ka kai wa reshen ƙungiya da ofishin da ke biyan albashi, a buga maka hatimi a kwafinka, ka adana. In aka ci gaba da cirewa, ko aka yi maka canjin wurin aiki na ramuwar gayya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, tana zama a Kano da Kaduna da wasu jihohi. Kuɗin gidaje kuwa ba na ƙungiya ba ne. Dokar 1992 ce ta kafa asusun, kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ne, yana tafiya Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, kuma ana mayar wa wanda bai ci bashi ba bayan ritaya. Ka tabbatar kana da lambar asusunka tun yanzu.

Tsohon hedimasta: Ɗana, gaskiya lauya ya faɗa, amma ka saurari tsoho. Na yi shekara 35 da alli a hannu. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, tun 1931 take, ta girmi Nijeriya mai 'yanci. Dokar 2022 da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 ko 40 a bakin aiki ba daga sama ta faɗo ba, an daɗe ana bibiya. Lokacin da aka sallami malamai fiye da dubu 21 a Kaduna bayan jarrabawar 2017, ƙungiya ce ta je kotu ta kuma kira yajin aiki. Ko me mutum yake gani game da waccan jarrabawa, malami ɗaya shi kaɗai ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Ranar da sunanka zai ɓace a tantancewa, a ce kai ma'aikacin bogi ne alhali kana aji, wa zai bi maka fayil daga tebur zuwa tebur? Na ga wanda ya yi wata bakwai ba albashi a kan kuskuren harafi ɗaya a sunansa.

Wata malama: Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu ma muna da ƙorafi. Ana karɓar kuɗinmu kowane wata, ƙarin girma yana zuwa a takarda ba ya zuwa a aljihu. Tambayar ina kuɗi suka tafi ba rashin kunya ba ce. Malam, ni abin da na yi shi ne na zauna a ƙungiya, amma na bi diddigin ƙananan yanke-yanken. Na rubuta ina neman a nuna mini inda na amince. Mu goma sha ɗaya muka sa hannu, saboda takardar mutum ɗaya cikin aljihun tebur take kwana.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci na haɗa abu uku wuri guda alhali kowanne da hanyarsa. Ba zan yi gaggawar fita ba tukuna. Ranar Litinin in sha Allahu zan je neman lambar asusun gidaje, in kuma tuntuɓi abokan aikina kan na jin daɗin nan. Malama, don Allah ki turo mini yadda kuka tsara takardarku.

Wata malama: Zan turo bayan la'asar in na tashi daga Islamiyya. Ka yi kwafi uku, kuma kada ka baro ofishin sai an sa maka hatimi da kwanan wata.