Shin ka'idar zare ta tabbatar da cewa firoton ƙulli ne?

Malam Habu, Gwaram: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya ruwa, ya noma? Wani saƙo ke yawo a wayoyin malaman kimiyya a nan wajenmu, wai ka'idar zare (string theory) ta tabbatar da maganar masanin fiziks Skyrme: firoton ƙulli ne a cikin filin ƙwayar fayon (pion), kuma topoloji, wato lissafin siffar da ba ta canzuwa in an lanƙwasa ko an miƙa, shi kaɗai ke hana shi warwarewa. Ni a ganina maganar ta zauna, tunda lissafin Sakai da Sugimoto ya fitar da ita ƙarara. Kafin ta kai kunnen ɗalibai, bari in ji ta bakinku.

Dakta Rabi, Kafin Hausa: Wa'alaikumus salam. Malam Habu, magana biyu aka cusa a buhu ɗaya. Bari in fara da ta biyun, don ita ko tsayuwa ba ta yi.

Abin da Skyrme ya kawo a 1961 shi ne fili U wanda ke ɗaukar kowane ɗigo na sarari ya kai shi cikin SU(2), wadda siffarta S³ ce, wato fatar ƙwallo mai awo uku. A can nesa ana tilasta U ya koma 1, sai duk nisan ya dunƙule ya zama ɗigo guda, sararin kansa ya zama S³. Yawan naɗewar da wannan ya yi a kan wancan cikakkiyar lamba ce, B, kuma ita ya kira lambar bariyon, bariyon kuwa shi ne dangin ƙwayoyi irin firoton da nutron. Ba ta canzuwa da sannu-sannu, wannan babu ja. Amma a duba igiyar guga da aka ɗaure bakinta biyu, da ƙulli a tsakiya: ƙullin ba zai fita ba, sai dai in aka ja, tsukewa zai yi ta yi. Shi ne hujjar Derrick ta 1964. A sarari mai awo uku, sashen makamashi da canjin fili ya shigo sau biyu, E₂, yana tafiya ne da girman ƙullin, R. In shi kaɗai ne, ƙullin zai rage makamashi ta hanyar ƙanƙancewa har ya zama ɗigo. Dole Skyrme ya ƙara sashe mai canji huɗu, E₄, wanda ke tafiya da 1/R. Inda E₂ ya yi daidai da E₄, nan girman ke tsayawa. Topoloji ya ba da lamba, makamashi ne ya ba da girma.

Injiniya Sale, Bichi: Dakta, ai sikamiyon, wato ƙullin nan na Skyrme, an gan shi da na'ura. A 2009 masu bincike a Jamus sun harba nutron cikin MnSi, haɗin manganis da silikon, wajen 29 K suka ga jerinsu, tazararsu kamar nanomita 18. A 2010 kuma aka ɗauki hotonsu a Japan. Me ya rage?

Dakta Rabi, Kafin Hausa: Injiniya, wannan na maganaɗisu ne, awo biyu, naɗewar S² a kan S². Kuma shi ma shaidata ce, don hulɗar Dzyaloshinskii da Moriya ke riƙe girmansa. Ƙari a kan haka, atom ɗin a jere suke da tazara, filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, saboda haka in zafi ya isa ko aka ƙara filin maganaɗisu, sai ya tsuke zuwa tazarar atom ya ɓace. Bai faɗi komai a kan firoton ba.

Malam Habu, Gwaram: Derrick ku riƙe shi, ba nan ƙafata take ba. Abin da aka daɗe ana yi wa Skyrme gori a kai shi ne da hannu ya saka E₄. To ga inda zare ya shigo.

't Hooft a 1974 ya nuna QCD, ka'idar kwak da guluwon, tana sauƙaƙa in aka ɗauki yawan launi N, wato ire-iren cajin kwak, ya yi yawa. Witten a 1979 ya nuna a wannan hali nauyin bariyon yana tafiya da N, daidai ɗabi'ar soliton, wato dunƙulen fili da ba ya watsewa, a 1983 kuma ya nuna in N mara ce, sikamiyon famiyon ne, rukunin ƙwayoyin da firoton ke ciki. Namu N uku ne. Sai Sakai da Sugimoto a ƙarshen 2004: a ka'idar zare nau'in IIA, a naɗe biren D4, wato shimfiɗar da bakin zare ke maƙalewa a kai, guda N a kan da'ira, a gitta musu D8 da kishiyarsa. Biyun nan suna haɗewa a ciki su zama guda, wannan haɗewar ita ce karyewar daidaiton kairal da ke haifar da fayon. Abin da ya rage a kan D8 ka'idar Yang-Mills ce mai awo biyar, haɗe da sashen Chern-Simons. In aka tattara filin tare da awo na biyar, sai ga U na Skyrme, da E₄ ɗinsa, da lambar da ke gabansa, ba wanda ya saka. Bariyon kuma instanton ne a can, wato ƙulli a filin Yang-Mills. Atiyah da Manton sun hango wannan dabara tun 1989 ba tare da zare ba, makamashin da suka samu bai fi kashi 1 cikin ɗari sama da na ainihi ba.

Lamba biyu tak ake daidaitawa, ma'aunin nauyi M_KK = 949 MeV da ƙarfin hulɗa λ wajen 16.6, daga nauyin ƙwayar mizon ρ da f_π, ma'aunin ruɓewar fayon. Bayan nan, murabba'in nauyin mizon a₁ a kan na ρ ya fito 2.4, gwaji ya ba da 2.5. In wannan ba tabbaci ba ne, mene ne?

Farfesa Ɗanladi, Rano: Habu, ka karanta da kyau, amma ka tsaya inda lissafin ya yi maka daɗi. Mu je ga bariyon, tunda a kansa ake gardama.

Adkins, Nappi da Witten, 1983. Don su samu nukiliyon (firoton ko nutron) a 939 MeV da bariyon Delta a 1232, sai da suka sauke F_π zuwa 129 MeV, alhali gwaji 186 yake cewa. Da haka ƙarfin maganaɗisun firoton ya fito 1.87 maimakon 2.79, na nutron −1.31 maimakon −1.91. Rabon biyun ya yi kyau, 1.43 da 1.46, shi ya sa ake yawan ɗaga shi. Amma g_A, lambar da ke shiga ruɓewar nutron, 0.61 ya fito, awon yau kuwa 1.27. Da aka maimaita da instanton na Sakai da Sugimoto a 2008, ya ɗan ɗago zuwa wajen 0.73. Har yanzu da saura.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna. Tsarin nan ba QCD ba ne, maƙwabcinta ne. Yana ɗauke da ƙarin ƙwayoyi masu nauyi wajen M_KK waɗanda babu su a duniya, kuma 949 MeV ai kusan nauyin firoton ɗin ne da kansa, ba za ka ce sun yi nisa ba su dame ka ba. In ka nemi korar su sai ka rage λ, nan kuma lissafin nauyi-da-lanƙwasa da aka dogara a kai ya rushe. Sannan aikin Hata da abokansa na 2007 ya nuna girman instanton ɗin yana tafiya da λ^(−1/2), wato a babban λ yana matsowa tsawon zaren kansa, inda sassan da aka zubar suke iya dawowa. Fayon ma a asalin tsarin ba shi da nauyi, na gaske kuwa 138 MeV.

Wani abu da zai yi wa Rabi daɗi: a can ma ba topoloji ke riƙe girman ba. Lanƙwasar sarari na matse instanton, turin da ke fitowa daga sashen Chern-Simons na buɗa shi.

Malam Habu, Gwaram: Allah ya gafarta Malam, kuskuren kashi 30 cikin ɗari ai shi ake tsammani in N uku ne, 1/N ke nan. Ba a kama tsarin da laifin da ya riga ya sanar ba.

Farfesa Ɗanladi, Rano: Na karɓi wannan a kan g_A, da ƙyar. To makamashin ɗauri fa? A ma'aunin da iyakar ƙasa take 12π² a kowane bariyon, B = 1 yana ba da 1.232, B = 2 mai siffar zobe 1.179, B = 4 mai siffar kubu 1.120. Wato ɗaurin B = 4 wajen kashi 9 cikin ɗari. Hiliyom-4 na gaske 28.3 MeV ne gaba ɗaya, bai kai kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa ba. Wannan ninki goma ne, 1/N ba ta rufe shi.

Malama Zainab, Ringim: Baba Farfesa, a ba ni dama in sa baki, don 1.232 ɗin nan kowa zai iya fitar da shi a ƙaramar kwamfuta kafin batirin sola ya sauka.

A ɗauki siffar bushiya, fili ya dogara da f(r) kawai, f(0) = π, f ya koma 0 a nesa. Makamashi shi ne 4π sau tarin r²f′² + 2sin²f(1 + f′²) + sin⁴f/r². Daga nan lissafin ya fito:

(r² + 2sin²f)f″ + 2rf′ + sin2f(f′² − 1 − sin²f/r²) = 0

Kada a fara daga r = 0, abin da ke gaban f″ sifili ne a can, kwamfuta za ta tsaya. A fara daga 0.001, da f = π − ar da f′ = −a. A zaɓi a guda biyu, ɗaya f ta zarce ƙasa da sifili, ɗaya ta kasa kaiwa, a yi ta raba tsakaninsu da Runge-Kutta mataki na huɗu. Inda aka fi faɗuwa shi ne ƙarshen: in fayon ba nauyi, wutsiyar C/r² ce, a hankali take mutuwa. Wanda ya tilasta f = 0 a r = 10 ya matse ƙullin, makamashinsa zai hau. A yi amfani da f′ = −2f/r a bakin iyaka, a ƙara gudummawar wutsiyar da hannu. Amsa ta zo wajen 145.9, in an raba da 12π² a samu 1.232. A raba E₂ da E₄ a duba, in ba su yi daidai ba akwai matsala a iyaka ko a girman taki.

A kula kuma wajen mayarwa MeV. 186 na Adkins da 92.4 na Sakai da Sugimoto abu ɗaya ne, ninki biyu ne bambancin al'adar rubutu. Wanda ya gauraya su nauyinsa zai ninka ko ya rabe.

Injiniya Sale, Bichi: B = 4 fa, haka ake yi?

Malama Zainab, Ringim: A'a, siffar ƙwallo ta ƙare a B = 1. Ko dai cikakken lissafi a raga mai awo uku, ko kimantawar Houghton, Manton da Sutcliffe ta 1998, wadda ke wuce ainihin da 'yan kashi kaɗan. A raga kuma a riƙa lissafa B kowane lokaci. In tazarar ta yi faɗi, ƙullin kan zube ta tsakanin ɗigogi, B ta sauka daga 4 zuwa 3 ba sanarwa.

Malam Habu, Gwaram: Madalla Malama. Ranka ya daɗe, a kan ɗauri ina da amsa biyu. Lambobinku na kafin a sa kwantom ne. Leese, Manton da Schroers a 1995, da suka bar bariyon biyun su yi motsi nesa da siffar zoben B = 2, ɗaurin diyutiron, wato firoton da nutron a haɗe, ya sauko wajen 6 MeV, na gaske 2.2. Na biyu, Sutcliffe ya nuna a 2010 cewa in aka bar duk jerin mizon da ke fitowa daga awo na biyar, a shimfiɗaɗɗen sarari, tsarin na komawa BPS, wato makamashi ya sauka daidai iyakar ƙasa, ɗauri ya zama sifili. Fayon kaɗai ya yi yawa, duka jerin sifili, gaskiya tana tsakani. Wannan jagorar daga ina ta fito in ba daga hoton awo biyar ba?

Dakta Rabi, Kafin Hausa: Jagora, na yarda. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: shimfiɗaɗɗen sarari, instanton, Yang-Mills. Babu zare ko ɗaya a lissafin Sutcliffe. Kuma wa ya ce a tsaya a ρ kada a ƙara a₁? Gwaji ake kallo a zaɓa. Ga ɗalibai ni zan ce kwak da guluwon ke cikin firoton, sikamiyon kuwa kimantawa ce mai amfani a ƙaramin makamashi, ka'idar zare ta ba da wani tsari makusancin QCD inda kimantawar ke fitowa da kanta.

Malam Habu, Gwaram: Rabin farko zan ɗauka. "Makusanci" kuwa ta yi masa kaɗan, a bar ni da ita zuwa an jima.

Farfesa Ɗanladi, Rano: Zainab, turo shirin kwamfutar naki nan. Ki ƙara sashen nauyin fayon, 2m²r²(1 − cos f) a cikin tarin, ki canza sharaɗin iyaka tunda wutsiyar ta koma ta Yukawa. Sharaɗin Derrick ma zai canza, E₄ = E₂ + 3E₀, kada wani ya ga E₂ da E₄ sun rabu ya zaci lissafin ne ya lalace.