Makami ɗaya dala miliyan 4, ina hikimar wannan ciniki?

Ɗan Canji, Allen Ikeja:
Assalamu alaikum. Jiya da yamma kasuwa ta yi sanyi, ina zaune a kan benci da rediyo a kunne, sai na ji ana cewa makamin Patriot guda ɗaya, wanda ake harbawa don a tare hari daga sama, samfurin PAC-3 da kamfanin Lockheed Martin ke ƙerawa, kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 4. Na ɗauko kalkuleta na buga a kan naira 1,500, ya ba ni biliyan 6. Harbi ɗaya ke nan. Shi kuwa jirgi mara matuƙi na Iran, Shahed, irin abin da ake son tarewa, an ce bai wuce dala dubu 20 zuwa 50 ba. Shekara 17 ina sana'ar kuɗi, ban taɓa ganin inda ake kashe biliyan don a tare miliyan ba. Masu ilimin abin, me ya sa ƙasashe ke layi suna saye? Mu ma ya kamata mu shiga layin?

Tsohon Soja, Ojo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafinka daidai ne, ma'aunin ne ka ɗora ba a wurinsa ba. Ba da kuɗin jirgin ake auna makamin ba, da abin da jirgin zai faɗa wa ake aunawa. Ka tuna 14 ga Satumba 2019, da aka kai hari kan cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais a Saudiyya? A dare ɗaya kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa ya tsaya. To ka duba matatar Ɗangote a Lekki, ganga 650,000 a rana, an kashe mata wajen dala biliyan 20. In abu ya doso ta daga sama, wa zai tsaya yana ƙirga kuɗin harsashi?

Kuma abin ya fi yadda ka lissafa tsada. In makami mai linzami ne ya taho, yawanci biyu ake harba masa don kada na farko ya kuskure. Ga na'urar rada mai hango abin da ke tahowa, ga motocin harbawa, ga horar da yaran da za su kwana a kansu.

Injiniya 'yar Yaba:
Baba soja ya yi gaskiya, amma ni ina bayan Alhaji a wani ɓangare. Matsalar ba ta tsaya a kuɗi ba, ko kana da kuɗin kayan ba sa isa. A 2024 PAC-3 kusan 500 kacal aka ƙera duk shekara, ga Yukiren na nema, ga ƙasashen Larabawa, ga Amurka kanta. Iran kuwa a dare ɗaya cikin Afrilun 2024 ta sako jirage da makamai sama da 300 kan Isra'ila. Mai kai hari yana cika rumbunsa cikin makonni, mai tarewa sai ya jira shekaru.

Shi ya sa masu hankali ba sa taɓa Patriot saboda Shahed. Yukiren na kakkaɓo su da bindigar Gepard ta Jamus, tsohuwar aba mai cin harsashi, da na'urorin da ke rikita siginar jirgin. Na Iron Dome ma, wato tsarin tare harin sama na Isra'ila, kowane ɗaya wajen dala dubu 50 ne. Mai tsadar ana ajiye shi ne don babban baƙo, wato makami mai linzami.

Direban Tanka, Apapa:
Ni ba boko gare ni ba, amma ƙanena soja ne a Borno. Da ya zo hutu muna cin tuwo a Agege, babur ya wuce da wata irin ƙara, sai na ga yaron ya saki loma ya ɗaga kai sama. Ya ce yanzu 'yan ISWAP ƙananan jiragen ɗaukar hoto suke saya, irin na bikin aure, su ɗaura musu bam. Wallahi tun ranar ba na barci sosai. Babu mai harbo mana makami daga wata nahiya. A saya wa yaran nan abin da zai toshe waɗannan ƙananan jirage tukuna, kafin a yi zancen biliyan 6.

Hajiya, Idi-Araba:
Ku da kuke zancen saye, ajiya fa? Ina Legas ranar 27 ga Janairu 2002 da rumbun makaman barikin Ikeja ya tashi. Ƙasa na girgiza, mutane na gudu ba su san inda suka nufa ba, da yawa suka afka cikin ruwan Oke-Afa. Sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawa daga cikinsu yara ne. Ba abokin gaba ne ya harbo ba, namu ne da ke ajiye. Duk wanda zai sa hannu a sayo makami, ya fara nuna mana ɗakin da zai kwana da wanda zai riƙa duba shi.

Ɗan Canji, Allen Ikeja:
Allah ya jiƙansu, Hajiya. Malam direba, Allah ya tsare ƙanenka ya dawo da shi lafiya. Injiniya, don Allah na'urar rikita siginar nan, nawa take, kuma sansani ɗaya guda nawa zai buƙata? Ina so in buga shi ma in gani.