Me ya bambanta randunan Ladi Kwali da sauran tukwanen Gwari?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga Ladi Kwali tana gini. Tambayata ga masana: mata da yawa a ƙasar Gwari suna gina randa, to me ta yi daban har ake baje kayanta a Landan? Kuma me ya sa ake cewa randunanta na baya ba sa sanyaya ruwa?

Maginiya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da hannunta. Ba ta dogara da injin juyi wajen gina randa ba, ko da yake ta koye shi. Ana ɗora curin yumɓu a kan ƙwarya, a huda tsakiyarsa, a riƙa jan bango sama. Daga nan a murza yumɓu kamar igiya ana ɗorawa zobe a kan zobe, maginiya tana zagaya tukunyar tana shafewa ciki da waje. Wuyar aikin ita ce kaurin bango ya zo daidai ko'ina, domin inda ya fi kauri yana jinkirin bushewa, nan tsaga take fitowa. Shi ya sa ake haɗa yumɓun da dakakken tsingaro, a kuma shanya a inuwa, musamman da hunturu.

Zane kuwa ana yinsa ne tun yumɓu bai gama bushewa ba. Ta kan raba jikin randa gida-gida da layuka, ta tsaga kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi ko tsuntsu a ciki. In yumɓun ya yi ɗanye da yawa layin ya cushe, in ya bushe ya ɓantare. Tsabtar layinta ce ta sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a wurinsa ne Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya fara ganinsu.

Malamin Yumɓu:
Batun sanyin ruwa a wuta yake. Gashin gargajiya a fili ake yi da itace da ciyawa, zafinsa bai cika wuce digiri 800 ba. Jikin tukunya yana fitowa da ƙananan ƙofofi, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana bin iska, na ciki ya yi sanyi. A wasu wurare a kan yayyafa ruwan makuba tun tana da zafi don ta yi duhu da ƙarfi.

A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Can ana gasawa a rufaffen tanderu har sama da digiri 1200. Ana cusa farar ƙasa cikin layukan da ta tsaga, a kankare ragowar, a lulluɓe da ruwan sheƙi mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa. A wannan zafin ƙofofin suna toshewa, randar ta yi nauyi, ta koma abin ado. Kada a jefa jan yumɓun gari shi kaɗai cikin irin wannan wuta: ƙarfen da ke cikinsa yana sa ya kumbura ko ya lanƙwashe. Haka nan tukunyar da ba ta bushe sarai ba, tururi ne zai fasa ta tun farkon wuta.

Mai Bincike:
An nuna kayanta a Berkeley Galleries na Landan a 1958, 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. A ganina bai kamata a riƙa ba da labarinta kamar Cardew ne ya yi ta ba. Ta iso wurinsa a gwanarta. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, ta zo cibiyar a 1974 ta koyi ginin hannu a wajenta, har yau kuma da hannu take gina tukwanenta, tana goge su su yi sheƙi ba tare da ruwan sheƙi ba.