Abin da na tattaro daga hirarmu kan fina-finai masu dogon zango

Salam jama'a, maganar ta yi tsawo sosai shi ne na ce bari in haɗa kanta wuri guda.

1. Hoto dai kowa ya yarda Kannywood ta ci gaba, kyamara da haske ba irin na zamanin kaset da CD ba ne.

2. Sauti har yanzu da saura. Wata ta ce tana kallon rigimar kishiyoyi a falo ƙarar janareta ta danne maganar uwargida, sai da ta mayar baya sau 3. Shawarar da aka fi bayarwa, a sayi makirufo mai kyau kafin a kama hayar gidan bene.

3. Jan labari, nan ne aka fi ɗaukar zafi wallahi. Labarin da zai ƙare a zango 2 sai a kai shi 7, mota ta zo get a buɗe a rufe, a gaisa a zuba lemo, data na ta tafiya ba a ce komai ba. Masu kare su sun ce tallan YouTube ne ke biyan ma'aikata, dole a tsawaita. Ni kam ina tare da masu cewa a taƙaita, abin yana min ciwo sosai.

4. Waƙa da rawa an rabu biyu, wasu sun ce kwaikwayon Indiya ne, wasu kuma ita ce ma take kawo su kallo.

5. Fassarar Turancin ƙasan allo a ba wanda ya iya ya duba kafin a saki.